Yadda Ake Ƙetare Atlantika a Jirgin Ruwa, Har a Taka Rawa a Zaurensa

Ranar da matata Hajiya ta ce ta gaji da tafiyar jirgin sama, inda mutum zai zauna a takure gwiwarsa na dukan kujerar gaba, na ɗauka wasa take yi. Ashe ta riga ta gama bincikenta. Jirgin ruwa take so mu shiga daga Southampton, can kudancin Ingila, har New York a Amurka, kwana bakwai cur a kan ruwa ba tare da an tsaya ko'ina ba. Na ce, "Hajiya, me mutum zai yi kwana bakwai yana kallon ruwa?" Ta ce, "Rawa za mu koya, Alhaji." Ni da ko a bikin ƙanwata ban taɓa shiga fili ba sai don in yi liƙi in fito.

Mun je, mun kuma taka. Ga yadda abin yake daki-daki ga duk mai niyya.

Jirgin da hanyarsa

Jirgin da ke wannan zirga-zirga a kai a kai shi ne Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, kamfanin da ya fara kai wasiƙu da fasinja tsakanin Ingila da Amurka tun 1840. An ƙera jirgin a garin Saint-Nazaire na Faransa, ya fara aiki a watan Janairun 2004. Tsawonsa mita 345, wato ya fi filin ƙwallo uku a jere. Yana ɗaukar fasinja kusan 2,700 da ma'aikata sama da 1,200. An gina shi ne musamman don keta babban teku, ya sha bamban da jiragen yawon buɗe ido masu bin gaɓa suna yada zango kowace safiya a wani sabon gari. A hawa na 3 akwai zauren da ake kira Queens Room, mai daɓen katako da dandamalin makaɗa, wanda ya yi suna a matsayin zauren rawa mafi girma a kan teku. Tunda babu garin da za a sauka a yi yawo, rayuwar jirgin duk a ciki take, kuma wannan zaure shi ne dandalinsa.

Kafin ka biya ko sisi

Fara da biza. Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar Birtaniya don ya isa inda za a tashi, da ta Amurka don ya sauka. Kada ka biya kuɗin jirgi sai duka biyun suna hannunka, domin ba za a bar ka ka hau ba idan babu takardar ƙasar da za a sauke ka. Ka kuma lissafa da tikitin komawa, tunda jirgin gefe guda zai ajiye ka.

Sai ka zaɓi inda za ka dosa. Tsakanin Ingila da New York akwai tazarar awa 5. Idan yamma kuka nufa, wato zuwa Amurka, ana mayar da agogo baya da awa ɗaya har sau biyar a cikin tafiyar, sai yininka ya zama awa 25. Idan gabas kuka nufa, sai a riƙa zaftare maka awa ɗaya. Ga wanda zai yi rawa har sha ɗayan dare kuma ya tashi asuba, zancen a bayyane yake: ka nufi yamma.

Lokacin shekara ma abin dubawa ne. Arewacin Atlantika ya fi hargitsi a watannin hunturu, ya fi lafawa daga kusan Mayu zuwa Satumba, ko da yake teku ba ta yi wa kowa alkawari ba.

Ɗaki kuwa, idan kana da saurin jiri, nemi na tsakiyar jirgi kuma a hawan ƙasa-ƙasa. Jirgi kamar lilon yara yake: goshinsa da wutsiyarsa su ne ke sama da ƙasa, tsakiyar ba ta cika motsi ba. Ɗaki mai baranda yana da daɗi, amma a tsakiyar teku iska da sanyi sukan hana ka zama a wurin. Mai taga kawai ya wadatar, ga shi yana taimaka maka ka gane fitowar alfijir. Wanda ba shi da taga ya fi araha, sai dai a cikinsa dare da rana duk ɗaya ne.

Abin da za ka zuba a akwati

Takalmi shi ne kan gaba, a nan kuma yawancin sababbi ke yin kuskure. Takalmin motsa jiki mai ƙasan roba yana cije katako, idan ka zo juyawa ƙafa ta tsaya cak gwiwa ta murɗe. Wanda ake so shi ne mai ƙasan fata. Na 'yan rawa na ainihi ƙasansa fata ce mai laushi mai ɗan gashi-gashi, ana kankare ta da ƙaramin burushin waya idan ta yi santsi, kuma ba a fita da shi waje inda ruwa zai taɓa shi. Idan ba ka son kashe kuɗi, takalmin ofis mai igiya da ƙasan fata ya isa. Mace ta nemi mai madaurin idon sawu da dunduniya gajeriya mai faɗi. Silifas da duk takalmin da ba ya kama diddige a bar su a ɗaki, domin mace ita ce ta fi yin tafiya da baya a wannan rawa, kuma takalmin da bai kama ba a taku na uku zai rabu da ita. Ku sa takalman a gida na mako biyu kafin tafiya, sabon takalmi ba ya raga wa kowa.

Sai kayan dare. Daga ƙarfe 6 na yamma akwai ƙa'idar sutura a manyan wuraren jirgin, kuma a dare biyu ko uku ana yin daren ado, inda maza ke sa baƙar kwat mata su sa dogayen riguna. Kayan gargajiya na alfarma suna shiga, don haka shadda da hula da leshi da ashoke duk sun samu wuri, har ma za ka gaji da amsa tambayar masu sha'awa. Zan dawo kan babbar riga, akwai labari.

Kada ka manta da ƙaramar buta ta roba, da sallaya mai naɗuwa, da rigar sanyi mai tare iska ko da bazara ce, da busasshiyar citta, da ƙwayar maganin jiri wadda ka tambayi likita ko mai kemis a kanta, musamman idan kana shan wani magani. Dutsen guga kada ka wahalar da kanka, ba a yarda da shi a ɗaki ba saboda gobara. Akwai ɗakunan wanki na fasinja masu inji da dutsen guga.

Ranar hawa

Daga tashar Waterloo ta Landan jirgin ƙasa yana kai ka Southampton cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Duk da haka na fi son mutum ya kwana a garin, don jirgin ruwa ba ya jiran wanda ya makara. Manyan akwatuna za ka miƙa su a bakin tasha da takardar lambar ɗakinka a ɗaure, sai can da yamma ka tarar da su a ƙofa. Saboda haka fasfo, magani, caja da kayan canji ɗaya su kasance a jakar hannu.

Za a ba ka kati guda: shi ne mukullin ɗaki, shi ne shaidarka, shi ne kuma aljihunka. Duk abin da ka saya a ciki da dalar Amurka ake rubuta shi a kan asusunka, har da kuɗin hidimar ma'aikata da ake ƙarawa kowace rana. Abinci a babban ɗakin cin abinci da shayin la'asar da darasin rawa na jama'a da wasannin dare suna cikin kuɗin da ka biya. Lemon kwalba da intanet da hoton mai hoto kuwa daban ake cajinsu. Ka riƙa leƙa asusun kowane kwana biyu.

Kafin a tashi akwai atisayen gaggawa, wajibi ne ga kowa. Za ka san wurin taruwarka, ka ga yadda ake ɗaura rigar ceto, ka kuma ji alamar: gajeriyar ƙara sau bakwai, doguwa sau ɗaya. Dokokin ceton rai a teku sun samo asali ne bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912, wanda shi ma daga wannan gari na Southampton ya tashi. Ka ba abin hankalinka.

Wayarka ka sa ta a yanayin jirgin sama, ka kuma kashe saitin da ke gyara agogo da kansa. A nan agogon jirgi ne sarki, duk daren da aka ce a ja baya sai ka ja da hannunka.

Yadda yini yake tafiya

Kowane dare mai gyaran ɗaki zai ajiye maka takardar shirin gobe. Ka ɗauki biro ka zagaye abu uku kacal: darasin rawa, wani abu ɗaya na ƙarin ilimi, da lokacin da makaɗa za su fara da dare. Wanda ya ce sai ya halarci komai zai ƙare da gajiyar da ta fi ta ofis.

Tsarin da ya yi mana shi ne: bayan asuba a ɗan koma, ƙarfe 8 a karya, sannan a fita hawa na 7 inda akwai hanyar katako da ta kewaye jirgin baki ɗaya. Zagaye uku kusan kilomita 2 ne. A wurin ne ƙafarka ke koyon lilon jirgin, wanda za ka buƙata anjima. Ƙarfe 12 daidai jirgin ya yi kuka, kyaftin ya yi magana ta lasifika, ya faɗi inda kuke da nisan da aka ci da yanayin da ke gaba. Darasin rawa yakan faɗo kusa da wannan lokaci. Ƙarfe 3:30 ake shayi a Queens Room, ma'aikata sanye da farar safar hannu suna yawo da butoci da farantan kek da yankakken burodi, ana kiɗa a hankali. Akwai laburare a hawa na 8 ta goshin jirgi, akwai laccoci, akwai ɗakin kallon taurari. Bayan abincin dare sai zaure.

Idan jiri ya kama ka, kada ka kwanta a ɗaki ka rufe ido kana jiran mutuwa. Fita inda iska take, ka kafa ido a inda ruwa ya haɗu da sama, ka tauna citta, ka ci abu busasshe kaɗan-kaɗan. Maganin ya fi aiki idan an sha kafin abin ya kankama. Yawancin mutane zuwa kwana na biyu jikinsu ya saba.

Salla da abinci

Alƙibla ba ta zama wuri ɗaya a wannan tafiya. A kudancin Ingila kudu maso gabas take, a New York kuwa arewa maso gabas, a tsakani tana gusawa sannu a hankali. Talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna inda jirgi yake da inda ya sa gaba. Tunda yamma kuke tafiya, alƙibla a taƙaice ta wajen bayan jirgi take, sai ka gyara da manhajar waya, wadda ke iya gane wuri ko babu intanet idan ka fita fili. Lokutan salla ma kada ka dogara da jadawalin Landan ko na New York, ka riƙa duban rana da idonka. Idan teku ta tashi, buɗa ƙafafu kaɗan a tsayuwa, ka shimfiɗa sallaya kusa da bango ko gado. Hukuncin ƙasaru da haɗa salla ka tambayi malaminka tun a gida.

Abinci kuwa, ka sanar da kamfanin buƙatarka makonni kafin tafiya, sannan a daren farko ka yi magana da shugaban masu hidimar teburinka. Kifi da kayan lambu ba sa yankewa. Ka tambaya game da miya da kayan zaƙi, domin girkin Turawa yakan sha giya ba tare da an rubuta ba. Hajiya ta zo da yajinta a ƙaramar kwalba, kafin kwana huɗu maƙwabtan teburinmu sun fara miƙo hannu.

Rawar kanta

Ka je darasin ranar farko. Wannan ita ce shawara mafi tsada a duk rubutun nan. A ranar farko kowa baƙo ne, kowa na harɗe ƙafa, malaman kuma daga tushe suke farawa. Wanda ya tsaya kunya sai kwana na huɗu zai tarar an yi nisa. Mata da miji ba dole ba ne ku canja abokin rawa: idan malami ya ce a yi musaya, ku yi murmushi ku ce tare za ku ci gaba, babu mai damuwa. Mu haka muka yi daga farko har ƙarshe. Ga waɗanda suka zo su kaɗai kuma suke so, jirgin yana da mutanen da aikinsu ke nan, su gayyaci duk wanda ba shi da abokin rawa.

Rawar zaure iri-iri ce. Akwai masu tafiya suna kewaya fili, irin su wals da fokstirot da tango da kwikstef. Akwai na Latin Amurka, irin su rumba da ca-ca da suka fito daga Kuba, waɗanda akasari a wuri ɗaya ake yin su. A kwana bakwai kada ka yi kwaɗayi. Wals ɗaya da ka iya ta fi guda biyar da ka lasa.

Riƙo tukuna. Ku fuskanci juna, kowa ya ɗan gusa hagunsa, yadda ƙafarka ta dama za ta saitu da tsakanin ƙafafunta. Wannan 'yar gusawar ita ce ke hana taka juna. Namiji ya ɗaga hannun hagu daidai tsayin idon wanda ya fi gajarta a cikinku, ta sa hannunta na dama a ciki. Tafin hannunsa na dama ya kwanta a kan allon kafaɗarta na hagu, ba a ƙugu ba. Ita kuma ta ɗora hannun hagu a kan damtsensa. Gwiwoyin hannu a ɗage, kafaɗu a sake. Kowa ya dubi gaba ta saman kafaɗar daman abokinsa. Kada ka dubi ƙasa. Ƙafarka ta shekara da shekaru tana tafiya ba ka sa mata ido ba, ba yau za ta ɓata ba.

Wals ƙirga uku ce: ɗaya, biyu, uku, kuma ɗayan ya fi nauyi a kiɗa. Kafin ka motsa, tsaya ka saurara har sai ka ji inda ɗayan ke faɗowa. Takun farko da ake koyarwa shi ne wanda ke zana akwati a ƙasa. Namiji:

Ɗaya, ƙafar hagu gaba. Biyu, ƙafar dama gefe. Uku, hagu ta zo ta haɗe da dama, nauyi ya koma kanta.
Ɗaya, ƙafar dama baya. Biyu, hagu gefe. Uku, dama ta haɗe, nauyi ya koma kanta.

Mace kishiyar haka take yi: ta fara da dama baya, hagu gefe, dama ta haɗe, sannan hagu gaba, dama gefe, hagu ta haɗe. Da malamar ta nuna, Hajiya ta raɗa mini, "To ai rawar 'yan mata ce, a yi gaba a dawo baya."

Inda ake faɗuwa shi ne a ukun. Mutum zai jawo ƙafa ya haɗe amma bai sauke nauyinsa a kanta ba, sai ya sake fita da wadda ya gama amfani da ita, ya dira a kan yatsun matarsa. Ka riƙe wannan: a wals ƙafa ɗaya ba ta taku biyu a jere, hagu, dama, hagu, dama ne har kiɗa ya ƙare. Na taka Hajiya sau uku a darasin farko kafin wannan ya zauna mini. A na ukun ba ta ce komai ba, kallo kawai ta yi mini, irin wanda na sani tun shekarar aurenmu.

Idan akwatin ya zauna, sai ka ƙara abu biyu. Na farko, tashi da sauka: takun gaba da diddige ake shigarsa gwiwa a ɗan lanƙwashe, a biyu ka ɗago kan yatsu, a ƙarshen uku ka sauko. Shi ke ba wals kamannin igiyar ruwa. Na biyu, juyi: duk lokacin da za ka taka gaba da hagu, ka ɗan karkata ƙirjinka hagu, haka ma idan za ka koma baya da dama. Kaɗan-kaɗan akwatin zai riƙa juyawa da kansa. Don tafiya kuwa, maimakon komawa baya a rabi na biyu sai ka ci gaba: hagu gaba, gefe, haɗe, dama gaba, gefe, haɗe. Da waɗannan uku za ka iya cinye waƙa guda ba ka tsaya ba.

Jagoranci ba da ƙarfin hannu ake yi ba. Idan ka tura ta ko ka fizgo ta, kokawa ce kuke yi. Ƙirjinka ne zai fara motsi, hannuwa su riƙe siffarsu kamar katakon ƙofa, ita kuma ta ji ta bi. Nata aikin shi ne ta jira ƙiftawar ido kafin ta taka, ta kuma miƙa ƙafa baya tun daga cinya don ta ba ka hanya. Hajiya ta ce jiran nan ya fi komai yi mata wuya, ni kuwa ban ce uffan ba.

Ribar akwatin ita ce ana cin rumba da shi. Taku iri ɗaya ne, sai dai ƙanana, babu tashi da sauka, ƙirgar kuma ta koma a hankali, sauri, sauri. Idan kiɗa ya sauya rawa ma ta sauya, amma ƙafar ta riga ta san hanya. Fokstirot ta masu koyo ita ma ba wuya: hagu gaba a hankali, dama gaba a hankali, hagu gefe da sauri, dama ta haɗe da sauri. Tango da kwikstef da wals mai sauri ta birnin Biyana ku zauna ku sha kallo, ku tafa wa masu yi.

Daɓen da ke motsi

Jirgin yana da fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, amma ba sa kashe shi gaba ɗaya. Wani lokaci za ka ɗaga ƙafa ka ga ƙasa ta zo ta tarye ta tun ba ka shirya ba, wani lokaci ka neme ta ka ji ta yi nisa. A nan ne kaɗai mutum zai ce ƙasa ce ta karkace a yarda da shi. Dabarar ita ce ka rage tsawon taku, ka bar gwiwa a sake, ka rage ɗagowa kan yatsu. Idan jirgi ya kwanta gefe guda duk zauren zai gangara tare, ana dariya. Kada ka yi gardama da gangaren, ku bi shi da ƙananan taku har ya dawo. Idan ya yi yawa ku tsaya cak a riƙe da juna, ƙafafu a buɗe, ku jira ƙirgar ɗaya mai zuwa a kiɗa. Daren da teku ta yi fushi sosai kuwa, kujera ta fi.

Ladabin fili

Ana kewaya fili ne ta hannun da masu tsere ke bi a filin wasa, tsakiya tana hagunka. Ƙwararru masu dogon taku suna bin gefe, masu koyo da masu yin akwati a wuri ɗaya su tsaya tsakiya. Kada ka yi baya cikin ayarin da ke tahowa. Kada ka ratsa fili da kofi a hannu, zagaya. Idan kun yi karo, ka ɗaga kai ka ba da haƙuri ko da ba laifinka ba ne. Kada ka tsaya koyar da matarka a tsakiyar jama'a, ita ma kada ta yi maka ƙirga da ƙarfi. Idan wani ya gayyace ki ba ki so, "na gode" da murmushi ya isa. Waƙa ta ƙare, a tafa wa makaɗa, namiji ya raka abokiyarsa har kujera.

Wurin maimaitawa mafi kyau shi ne zauren da safe kafin a fara shirye-shirye, lokacin babu kowa sai mai goge tebur. Minti 15 kullum ya fi awa biyu rana ɗaya.

Daren ado

A daren ado na farko, wanda ake sa baƙi da fari, na fito da farar shadda, babbar riga har ƙasa da aikin wuya, Hajiya cikin baƙin leshi da ɗauri. Tun daga lif ake tsayar da mu. Makaɗa suka saki wals, muka shiga. Na ɗaga hannun hagu, sai hannun rigar da na naɗe a kafaɗa ya zamo ya rufe hannayenmu duka kamar labule. Na kai hannu in gyara, na dama ya biyo. Hajiya ta taka gefen rigar, ni na taka nata. Muka tsaya a tsakiyar fili kamar an ɗaure buhu biyu, wata tsohuwar Baturiya a kujerar gaba tana dariya har da share hawaye.

Don haka: ka ci abinci da babbar rigarka, a yi hotuna, idan za ka shiga fili ka cire ta ka rataye a kujera, ka yi rawa da 'yar ciki da wando. Kaftani mai tsayi zuwa gwiwa ya fi kowanne daɗin rawa. Hula ta zauna daram. Mace ta tabbatar zane ko siket bai taɓa ƙasa ba kuma yana barin ƙafa ta miƙe baya. Siket mai matse gwiwa ba ya yin wals. Gyale a kama shi da fil, awarwaro masu kama zare a rage su. Daren ado na biyu mun yi waƙa uku a jere ba mu taka kowa ba, har wani dattijo ya tambaye mu a ina muka koya.

Sauka

A daren ƙarshe za a kawo maka takardu masu launi na ɗaurawa a akwati. Ka shirya manyan akwatuna ka ajiye a ƙofar ɗaki kafin lokacin da aka faɗa, ka ware kayan da za ka sa gobe, don an sha ba da labarin wanda ya tura komai ya wayi gari da kayan barci kawai. Duba asusunka a daren, safiya layi ne. Takalman rawa su shiga jakar hannu idan kuna son zagayen ƙarshe a zaure.

Ka sa ƙararrawa tun kafin asuba, ka sa rigar sanyi, ka hau hawan sama. Jirgin yana wucewa ƙarƙashin gadar Verrazzano, bututun hayaƙinsa kamar zai goge ta, sannan mutum-mutumin 'yanci ya bayyana ta hagu da fitilarsa, dogayen benayen Manhattan a gaba, kafin a juya a ɗaure a tashar Brooklyn. Jami'an shige da fice suna cikin tashar, fasfo da adireshin masaukinka su kasance a hannu. Kada ka tsorata idan ka taka ƙasa ka ji tana lilo, yakan ɗauki yini ɗaya ko biyu kafin ya bari. Muna tsaye a layin tasi na ga ƙafar Hajiya tana zana akwati a kan siminti, dama baya, hagu gefe, haɗe.